Inuwar Tankin Ruwa

Da auduga ake wanke masa fuska. Maidaji ya durƙusa a kan tayil, ya sa babban yatsa ya ɗaga naman da ya rufto a saman hancin karen, ya zura jiƙaƙƙiyar auduga cikin lungun, ya goge a hankali har ta fito da dauɗa. Ya ɗauki busasshiya ya bi bayanta. Lungu bakwai ne a fuskar, na takwas yana ƙarƙashin wutsiya, kuma in aka bar ɗaya da danshi, kafin kwana biyu zai yi ja ya kama wari. Karen ya lumshe ido yana gurnani ta hanci, yawunsa na ɗiga a gwiwar mutumin.

"Kai dai an yi mummuna," in ji Maidaji. "Ɗago nan."

Feifei ne sunansa, irinsa kuma buldog ake ce musu. Wanda bai taɓa ganin irinsa ba zai rantse ƙofa aka buga masa a fuska. Hanci a danne, leɓɓa a rataye, haƙoran ƙasa biyu sun leƙo waje ba su koma ba, ƙirji faffaɗa, ƙafafu gajeru a gwame. In ya yi tafiya sai haki, in ya kwanta sai minshari. Ko haihuwarsu ma, aka ce, sai likita ya yanka cikin uwar, don kan ya fi ƙarfin hanya. Maidaji ɗan mafarauta ne daga wani ƙauye a kudancin Maraɗi, ya tashi cikin karnuka dogaye sirara masu wuni suna bin zomo a rana, su sha ruwan kududdufi, su kwana a ƙofar gida. Da farko bai yarda wannan ma kare ba ne.

Mai karen ita ce Madam Liang, mai shagon ɗinkin wandunan jins a Xintang, wajen birnin Guangzhou a China. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo yana can wata ƙasa ba ya kira sai sabuwar shekara, saura ita da Feifei a saman shagon. Shekara biyu Maidaji yana yi mata tafinta in masu saye sun zo daga Yamai ko Kano, yana kuma duba zif da maɓalli kafin a ɗaure kaya. A shekarar nan ta 2008, saboda wasannin Olamfik, biza ta yi wuyar da ba a taɓa gani ba. Tasa saura kwana goma sha biyar ta ƙare, ba kuma za a sabunta ba sai da wasiƙar kamfani mai jan hatimi. Madam ta ce za ta buga masa idan ta dawo daga Beijing, inda za ta yi kwana goma tana kallon wasa, shi kuma ya riƙe mata Feifei kafin nan. Ba ta ce saboda karen ba ne. Ba sai ta faɗa ba. In babu wasiƙar, ko dai ya koma Maraɗi hannu biyu yana da shekara arba'in da shida, ga mata ga 'ya'ya biyar, ko ya shiga sahun masu ɓuya, waɗanda in sun ji ƙwanƙwasa ƙofa suke duban taga.

Ranar da za ta tafi ta zaunar da shi ta yi masa karatu, da Sinancin da yake tsintar rabi, sauran ta cike da hannu. Abinci kofi ɗaya safe, ɗaya yamma, ko kuka ya yi kada a ƙara. Igiya a ƙirji ake ɗaura masa, ba a wuya ba. Kada ya kusanci ruwa mai zurfi, bai iya iyo ba. Yawo da sassafe, minti goma, a dawo. Sai ta kama hannun rigarsa.

"Zafi, a'a. Hancinsa gajere ne, iska ba ta isarsa. In ya yi zafi ba ya iya hucewa kamar sauran karnuka. Rabin awa a rana, ya mutu. Ka gane?"

"Na gane, Lawban."

Lawban shi ne uban gida ko uwar ɗaki, haka kowa ke ce mata. Ya ce ya gane, amma a ransa dariya ya yi. Kare da rana? Matar nan dai ba ta da abin yi da tausayinta.

Ba zai iya kwana a Xintang ba, don a gidan Alhaji Nababa hukuma ta rubuta sunansa, kuma a watan nan ba a wasa da wannan. Alhaji Nababa Bakano ne, mai tura wa 'yan kasuwa kaya ta jirgin ruwa, yana da gida a hawa na tara a unguwar Xiaobei, cikin Guangzhou, ya ba Maidaji ɗakin ajiye kaya yana kwana tsakanin kwalaye. Ɗakin yana da na'urar sanyaya ɗaki, ba don Maidaji ba, don kada takalman fata su yi fumfuna. Rabin jins ɗin da Alhaji ke turawa daga shagon Madam yake fitowa, saboda haka da ta kawo karen da kanta a mota, har bakin titi ya sauko yana washe baki.

"No furobulam, Madam! Gidanki ne."

Motarta na shan kwana fuskarsa ta koma yadda take.

"Maidaji, abin nan ba zai taka mini falo ba. In na ga gashinsa ɗaya a kan darduma, ku biyun za ku kwana a titi."

"Ba za ka gani ba, Alhaji."

Haka suka yi kwana bakwai a cikin kwalaye. Da asuba ya sauko da shi a ɗauke, kilo ashirin da biyar na nama mai ɗumi, su zaga bayan gini su dawo kafin gari ya waye sosai. Ya auna abinci, ya wanke kwano, ya goge lunguna, sannan ya yi wanka ya sauya riga kafin ya fuskanci alƙibla. In ya shigo daga aiki, karen zai taso yana girgiza duk bayansa, don wutsiyar ba ta kai a kaɗa ta ba, ya zo ya jibge a kan ƙafarsa. Shekara huɗu rabon Maidaji da matarsa Sabuwa. Shekara huɗu babu wanda ya tashi tsaye don ya shigo ɗaki. Gaskiya dai ya fara son karen, kuma abin yana ba shi kunya ƙwarai.

Kunyar ta samu abokai. Abdoulaziz, wani ɗan Yamai mai sarin wayoyi, ya gan su da sassafe, kafin azahar labari ya zaga Xiaobei.

"Baban Feifei! Yaya mai jiki? An ce har kashi kake kwashe masa da leda. Kai, China ta iya da mutum!"

A gidan abinci aka fara janye kwano in ya zauna. A masallaci wani ya sauya sahu don kada ya tsaya kusa da shi. Maidaji ya haɗiye, yana ƙirga kwanakin da suka rage.

To, kwana ɗaya bayan zuwan karen matar Alhaji, Hajiya Ramlatu, ta haihu. Ranar suna ta faɗo saura kwana biyu Madam ta dawo. Da safiyar ranar Alhaji ya tsaya a ƙofar ɗakin kaya, bai shigo ba.

"Fitar da shi. Mata za su zauna a nan. Malam Shehu zai zo ƙarfe sha ɗaya, kuma ba za a yi mini karatun Alƙur'ani da kare a cikin gida ba."

"Ina zan kai shi, Alhaji?"

"Saman bene. Akwai fili."

"Alhaji, ba ya jure zafi. Lawban ta ce..."

"Lawban ta ce! Kai ba ɗan mafarauta ba ne? Karnukan gidanku a firij suke kwana?"

"Wannan daban ne. A bar shi ko a banɗaki ne, don Allah."

"Mata ashirin za su shigo, ka ce in ajiye musu kare a banɗaki? Maidaji, kana jin abin da ke fita daga bakinka kuwa? Awa ɗaya ce, a shafa fatiha ka je ka ɗauko ɗanka."

Maidaji ya juya wurin karen. Maganar firij ɗin ce ta shige shi, don shi ma abin da ya faɗa wa kansa ke nan tun ranar farko. Ya ɗaura wa karen igiyar ƙirji, ya ɗauke shi ya hau da shi hawa biyun da suka rage.

Ƙarfe goma ne, amma simintin saman ya riga ya yi ɗumi, iska kuma ta tsaya cak, irin ta Guangzhou a watan Agusta, mai jiƙa mutum yana tsaye. A tsakiya akwai katon tankin ruwa na ƙarfe, inuwarsa ta miƙe faffaɗa ta wajen yamma, ta ishi mutum uku su kwanta. Ya shimfiɗa kwali, ya cika kwano da ruwa. Ya dubi bakin benen, ya ga katangar ba ta da tsayi, ya ce bari ya ɗaure shi kada ya je ya leƙa. Ya ɗaura igiyar a jikin bututu, ɗauri irin na daji wanda ba ya kwancewa. Feifei ya zauna ya ɗago mummunar fuskarsa yana kallonsa.

"Awa ɗaya," in ji Maidaji. "Kada ka kalle ni haka. Kakanninka ma a waje suka kwana."

Yana sauka Alhaji ya tare shi da tawul.

"Shiga ka yi wanka da sabulu, ka sauya kaya. Kai za ka yi mana naman nan. Daga yanzu har a tashi ba kai ba karen nan, ba zan ciyar da mutane da hannun da kare ya lasa ba."

Ya yi wankan. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ragon da aka yanko wa Alhaji a mahautar Musulmin gari yana jiransa a kicin, kuma in dai nama ne, Maidaji ba shi da na biyu a Xiaobei. Ya fito da yajin da ya ɓoye tun wanda Sabuwa ta aiko, ya shiga aiki, ƙamshi ya cika hawa na tara har maƙwabta na leƙowa.

Malam Shehu bai zo sha ɗaya ba. Sai sha biyu saura ya iso, yana ba da haƙurin cunkoson jirgin ƙasa. Aka cika falo maƙil, 'yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan Kumasi, ɗalibai biyu daga jami'a, aka kashe muryar talabijin ana barin masu ninkaya suna ta iyo shiru. Malam ya yi karatu, ya ja addu'a, ya ambaci sunan jaririya, Nana Hafsat, aka shafa. Maidaji ya shafa tare da kowa, ya miƙe zai nufi ƙofa.

"Ina zuwa?" in ji Alhaji a hankali. "Wa zai raba naman?"

Ya raba naman. Da ya kai gaban Malam, tsohon ya ɗanɗana ya ɗago kai.

"Wa ya yi wannan?"

"Maidaji ne, Malam."

"Kai, Allah ya yi maka albarka. Rabona da irin wannan tun gida. Zauna nan kusa da ni."

Aka matsa masa wuri. Kwana takwas ana janye kwano in ya zo, yau ga shi kafaɗa da kafaɗa da Malam, hannunsa cikin tire ɗaya da na Alhaji. Daɗi ya kama shi har wuya. Abdoulaziz ya jefo daga can gefe, baki cike da nama:

"Baban Feifei, ina ka baro yaron? Ko an ba shi nasa kason?"

Aka kwashe da dariya. Maidaji ma ya yi, har ya fi su.

"Yana sama yana shan iska."

A lokacin ne idonsa ya faɗa ta taga. Can ƙasa a bakin titi akwai turken fitila, kuma inuwarsa ta tattare ta shige ƙarƙashinsa, ba ta fi faɗin faifai ba. Mutumin da ya tashi a daji ba ya buƙatar agogo ya gaya masa ma'anar wannan. Ya san inda inuwar tankin take yanzu. Ya sani sarai. Ya dafa ƙasa zai tashi.

"An ce ɗan mafarauta ne kai," in ji Malam. "Da gaske ne akwai karnukan da ke kama barewa da gudu?"

Duk idon falon ya dawo kansa. In ya tashi yanzu kowa ya san inda za shi: ya bar Malam da tambaya a baki ya tafi wurin kare. Ya koma ya zauna. Ya ba su labarin wata karyar ubansa da ta bi barewa tun hantsi har la'asar a tsakiyar bazara, ba ruwa ba inuwa, ta dawo da ƙafarta. Ya iya labari, har da kwaikwayon kukan ƙaho. Yana faɗa yana jin labarin na kwantar masa da hankali. Kare kare ne. Akwai ruwa a kwano. Minti goma ba za su kashe kowa ba.

Aka kawo shayi. Aka kira sallar azahar, aka jera a falo, Malam ya jawo shi sahun farko, ba wanda ya matsa. Ya yi sallar nan raka'a huɗu bai san abin da ya karanta ba. Ana sallamewa ya sulale, ko takalmi bai tsaya nema ba. Ƙarfe biyu saura kwata.

Simintin ya ƙone masa tafin ƙafa tun a taku na farko. Kwanon ya kife, wurin da ruwan ya zube ya bushe ƙayau. Inuwar ta zaga ta koma bayan tankin, kuma karen ya bi ta iyakar ƙarfinsa, igiyar ta miƙe tsaf kamar tsirkiya, ta gaza da kamu ɗaya. A nan yake kwance a gefe ɗaya, hancinsa na fuskantar inuwar. Faratansa sun bar zane a siminti, akwai jini a zanen. Harshen ya fito ya yi shuɗi, kumfa ta cika lungunan da aka goge da safe, numfashin yana fita da wani siririn fito.

"Feifei."

Idon ya juyo. Bayan karen ya ɗan motsa, sau ɗaya, yana ƙoƙarin yi masa maraba.

"Innalillahi. Innalillahi."

Ɗaurin ya ƙi kwancewa, shi ya ɗaura shi don kada ya kwance. Da haƙori ya cire maɗaurin ƙirjin. Ya murɗa famfon tankin, ruwan da ya fito ya kusa dafa ƙwai. Ya sungumi karen, jikin ya yi zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu, ya sauko da gudu ya daki ƙofar Alhaji da ƙafa.

Alhaji ya buɗe, ya ga abin da ke hannunsa, ya cike ƙofar da jikinsa.

"Ɗakin sanyi, Alhaji. Minti biyar. Mutuwa zai yi."

"Ka haukace? Matar Malam na ciki. Jaririyata na ciki."

"Don girman Allah, Alhaji!"

"Kada ka haɗa mini sunan Allah da wannan. Dubi rigarka."

A bayan kafaɗar Alhaji ya hango fuskoki, Abdoulaziz a cikinsu da tsinken sakace a baki, ba ya dariya yanzu amma bai motsa ba. Ƙofa ta rufe. Jim kaɗan ta sake buɗewa kaɗan, hannun mace mai lalle ya turo gorar ruwan sanyi biyu, ya koma. Ya zazzage su a kan cikin karen da hammatarsa a nan bakin matakala. Fiton bai sauya ba.

Lif ya zo cike da kwalaye da mai su, ba wurin ko tsinke. Ya bi matakala, hawa tara, ba takalmi. Madam ta rubuta masa adireshin likitan dabbobi a takarda, takardar tana aljihun rigar da ya cire. A bakin titi ya ɗaga hannu. Tasi ta farko ta rage gudu, direban ya ga baƙin mutum ba takalmi rungume da kare mai kumfa, ya taka mai. Ta biyu ma haka. Direban ta uku ya sauke gilashi ya ce "Meyo, meyo," wato babu, ya kaɗa hannu. Maidaji ya koma ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙafa, inda akwai inuwa, ya zauna a ƙasa yana yi masa fifita da hula. Mutane na wucewa da buhunan kaya suna kauce masa. Fiton ya yi ta raguwa, ya tsaya, ya dawo sau biyu. Daga nan bai dawo ba.

Sai bayan la'asar ya hau sama. Baƙi sun watse, Alhaji na zaune yana sakace. Bai bari ya fara magana ba.

"Kafin ka ce komai, ka saurare ni. Ni na ce saman bene, ban ce rana ba. Kai ka zaɓi wurin, kai ka ɗaura igiyar, kai aka ba amana. In Madam ta tambaye ni, abin da zan gaya mata ke nan." Ya jefo masa buhun kaya mai zif. "Ga wannan. Kuma ka wanke mini bakin ƙofa."

Abin da ya fi ciwo shi ne, ba ƙarya ko ɗaya a maganar. A ƙauyensu, karen da ya yi aiki ana haƙa masa rami a gindin itace. A nan babu taƙin ƙasa ɗaya da ba siminti ba ko na wani. Ya zuge buhun, ya kai wa tsohon da ke tura keken shara a bayan gini. Tsohon ya ɗaga ya ji nauyi, ya jefa a kan ɓawon kankana, bai tambaya ba.

Kwana biyu bai ci abin kirki ba. Ya tsara maganar da Sinanci, ya haddace ta, ya yi ta maimaitawa a cikin motar Xintang: Feifei ya mutu, laifina ne. Kalmomi kaɗan ne, ko yaro zai iya. Ya riga ya yanke cewa zai faɗa yana tsaye, ya karɓi duk abin da ya biyo baya. Ko ba komai ɗan mutane ne shi.

Ya same ta a ofishinta na bayan shago, ƙarar kekunan ɗinki na shigowa ta bango. Rana ta ƙona mata hanci, ga hular 'yan kallo a kan tebur. Tana ganinsa ta miƙe, ta jawo durowa.

"Maidaji! Zo, zo. Kafin in manta." Ta miƙo masa farin ambulan da hannu biyu. "Da safen nan na buga. Ka kai ofishin biza yau, kada ka jira gobe, layin yana da tsawo. In sun karɓa sun ba ka rasit, shi ke nan."

Ya karɓa. Ambulan ɗin ba a liƙe yake ba, yana hango jan hatimin ta ciki, zagayayye, tawadar ko gama bushewa ba ta yi ba. Ya dubi agogon bango. Sha ɗaya da rabi. In ya tashi yanzu zai isa kafin a buɗe bayan hutun rana.

Madam ta leƙa bayansa, ta leƙa ƙofa.

"Feifei fa?"

Maganar da ya haddace tana nan a kan harshensa, ba ta ɓace ba. Ya ji ta. Ya kuma ji takardar tsakanin yatsunsa.

"Yana gidan Alhaji, Lawban. Yau akwai zafi. Na ce kada in fito da shi."

Ta dafa ƙirji, ta sauke ajiyar zuciya.

"Ka yi daidai. Ka yi daidai ƙwarai. Wani da ya jawo shi cikin ranar nan don ya burge ni." Ta zauna. "Yana cin abinci?"

"Yana ci."

"Fuskar fa? Ba ta yi ja ba?"

"Kullum sai na goge."

"Na sani, na ga yadda kake yi." Ta juya hular da ke kan tebur. "Ɗana bai zo ba, ka sani. Ya ce aiki. Tikiti biyu na saya, na zauna kujerarsa ba kowa. Kowa na ihu, ni kuwa ina ta cewa yanzu Feifei ya ci, yanzu ya kwanta." Ta yi 'yar dariya, ta share gefen ido da bayan hannu. "Tsohuwar banza. Ya yi kewata kuwa?"

"Ya yi, Lawban."

"Gobe da sassafe ka kawo shi. Yau zan gyara masa wurinsa."

"To."

Ta rako shi har bakin titi, abin da ba ta taɓa yi ba, tana ta cewa shiye-shiye, tana gode masa. Ya saka ambulan ɗin a aljihun gaba, ya maɓalle. Har ya yi taku biyar ta kira shi, ta koma ciki da sauri, ta fito da laimarta, 'yar ƙarama mai furanni.

"Daga mota zuwa nan akwai 'yar tafiya. Ka riƙe masa."

Maidaji ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan rusuna. Motar gari ta tsaya a tsallaken titi, ya ruga don kada ta tafi ta bar shi.